Malam Mutawakilu, Wanda Ya Kwance wa Dogo Sarƙa

Ƙarfe bakwai na safe, ko ana yayyafin nan na Manchester da ba ya gajiya, za ka tarar da Malam Mutawakilu a gindin Dogo da gwangwanin giris a hannu. Dogo shi ne sunan da ya laƙaba wa tsohon injin ɗaga kaya da ya rage a bakin ruwa, inda a da ake gyaran jirage. An rufe ma'aikatar tun tuni, gidajen bene sun cinye filin, aka bar injin don 'yan baya su ga abin da ya ciyar da iyayensu. Shekara ashirin da shida ke nan wannan mutumin Kumasi yana hawa matakalarsa, yana kankare tsatsa, yana shafa fenti. Mai ɗakinsa, Hajiya Sherifatu, ta ce har rigarsa ta Juma'a warin giris take yi.

Ba shi da surutu, amma akwai taurin kai, kuma taurin kan nan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Bara waccan hukumar da ke kula da wurin ta sa aka ɗaure hannun injin da sarƙa, wai ya riƙa fuskantar titi saboda masu ɗaukar hoto. Malam ya ce kada a yi, aka ce rigimar tsufa ce. Ranar da aka yi gargaɗin iska mai ƙarfi, ya hau da hantsi ya kwance sarƙar, ya saki birki. Hannun ya wuni yana juyawa, mazauna benaye suka tsorata suka kai ƙara. Aka dakatar da shi daga aiki, aka kuma ce idan bincike ya nuna injin na da haɗari, za a yanka shi a sayar wa 'yan gwangwan. Abin ya yi masa ciwo, abinci ma sai da lallashi.

Wadda aka turo binciken daga Birmingham ita ce Injiniya Zinatu Ashafa. Ta sa aka kira shi, ta gaishe shi da Hausa.

"Baba, me ya sa ka kwance?"

"'Yata, crane irin Dogo ba a ɗaure shi a gaban iska. In ka sake shi, sai ya juya mata baya ta wuce. In ka riƙe shi kokawa za su yi, kuma ba shi zai yi kaye ba. Na faɗa a office, amma ni ba ni da degree."

Ta hau ta duba da kanta. Ƙusoshi lafiya lau, sai wurin da sarƙar ta riƙe ne ƙarfe ya fara lanƙwasa. Haka ta rubuta, ta ƙara da cewa kwancewar ce ta ceci injin. Aka mayar da Malam bakin aikinsa.

Kai ne ka san halin ƙarfe fiye da masu takardarsa, Malam. Kai ne ka yarda a kore ka da a wayi gari Dogo ya faɗo kan gidajen mutane. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ba gwiwa lafiya.

Mu kuma da aka damƙa wa wani abu amana, ko asibiti ko aji ko sitiyarin bas, mu san shi ciki da waje, mu faɗi gaskiyarsa ko ba mai saurare. Ƙarshen watan nan Malam zai sauko daga matakalar ya huta. Ba wanda ya ƙara ɗauko zancen sarƙa.