An kira sunan Kaka a layin taki

Jama'a, yau an kira mamaci ya zo ya karɓi taki, kuma ina jin laifina ne. Kaina bai natsu ba tukuna, wataƙila na rikita wani abu.

Da hantsi na raka Baba wurin rabon takin tallafi a Aliero. Albasarmu ta kama bayan dashe, satin nan take son taki, na kasuwa kuwa ya fi ƙarfinmu. Muna layi sai mai kiran suna ya ce, "Malam Ummaru Ɗanwarai." Kakana ke nan, wanda ya daɗe da rasuwa.

Baba ya matsa. Jami'in rabon ya duba katin shaidarsa ya ce, "Baba, wannan ba kai ba ne. Mai sunan zai dangwala yatsa."

Wani tsoho ya ce, "To sai ku bi shi maƙabarta da tawadar."

Nan na tuna. Ni na cike takardar neman takin. Da na tambayi Baba sunan mai gona, ya ce ta Malam ce, na rubuta haka. Ban yi tunani ba.

Na ce, "Baba, da ka ce taka ce."

Ya ce, "Gonar ubana? Ni riƙo nake."

Jami'in ya ce zai ajiye buhunanmu zuwa gobe da azahar, in mun kawo takardar mai gari da shaidu biyu.

Waɗanda kuka ji da kunnenku, ku gyara mini in na yi kuskure, musamman lokacin. Azahar ya ce, ko la'asar?