Ƙarfe na Uku a Tashar Kilmoyran

Malachy Tierney ya yi shekara talatin da huɗu yana raba wasiƙu a ƙauyukan da ke kewaye da Kilmoyran, a ƙasar Ireland, kuma ba a taɓa jin ya yi gardama da kowa a kan siyasa ko addini ko ƙwallo ba. Gardamarsa ɗaya ce a duniya, faɗinta milimita huɗu da rabi.

An haife shi a gidan mai gadin mararraba, inda titin gari ya ratsa layin dogo. Aikin mahaifinsa, Peadar, shi ne ya rufe ƙyaure biyu idan jirgi zai wuce, ya buɗe idan ya wuce, sau huɗu a rana, ranar kasuwar shanu sau shida. A 1963 aka rufe layin, kamar wasu da dama a shekarun nan. Malachy yana da shekara goma sha ɗaya. Aka kwashe ƙarafan, wani manomi ya mayar da tashar rumbun ciyawa, aka rushe gidan mai gadi don a faɗaɗa titi. Peadar ya samu aikin shara a makaranta, bai ƙara ambaton jirgi ba har ya rasu.

Da Malachy ya cika arba'in sai ya share ɗakin ajiya na bayan gida, ya fara gina ɗan ƙaramin samfurin tashar Kilmoyran a kan teburi, kowace ƙafa ɗaya ta koma milimita huɗu. Rufin ya yanka shi ɗaiɗai daga kwali. Ya jera gwangwanayen madara a dakalin tasha, ya ajiye ɗan karen roba kusa da su. Gidan mai gadi kuwa ya ci masa shekara uku, saboda ya rushe shi sau biyu a kan tsayin bututun hayaƙi. Matarsa Nuala ta ce ba ta da ƙorafi: maƙwabciyarta ba ta san inda nata mijin yake yini ba.

Matsalar tana ga dogon. Tun zamanin da kamfanoni ke shimfiɗa ƙarfe kowa da faɗin da ya ga dama, hukuma ta tara shawarwarin injiniyoyi ta raba tsakani, aka ba Ireland ƙafa biyar da inci uku, ya ɗara na Ingila. A kan teburi wannan milimita ashirin da ɗaya ne. Dogon da ake sayarwa a kanti kuwa goma sha shida da rabi ne, an yi shi don kasuwar wasu ƙasashe. Kusan kowa yana saye, ya ɗora jiragen Ireland a kai, ya yi barcinsa lafiya. Malachy ya ƙi. Da hannu yake yanka katakan ƙarƙashi, ya liƙa ƙarfe da dalma, ya cire ƙafafun kowane tarago ya faɗaɗa su.

Ƙungiyarsu ta masu gina ƙananan tashoshin jirgi mutum tara ce, suna haɗuwa ranar Talata a zauren coci, da shayi da biskit. Shugabanta Cathal Dunne, mahauci ne da ya yi ritaya, shi ya laƙaba wa Malachy suna Injiniya. Duk ranar da sabon mutum ya zo, sai Cathal ya gargaɗe shi kada ya tambayi Injiniya faɗin komai, ko na biskit, in dai yana son ya koma gida kafin shayi ya huce.

Sai ga wasiƙa daga gidan tarihin gunduma. Layin zai cika shekara sittin da rufewa, suna son a gina shi gaba ɗaya a ɗaki guda, tashoshi bakwai, jirgi yana tafiya daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kuma abin zai zauna nan dindindin. 'Yan ƙungiya suna da shida a gine. Ta bakwai tana ɗakin ajiyar Malachy, kuma a jerin layi ita ce ta huɗu, a tsakiya daidai. Jirgin da ya taso daga tasha ta uku zai iso Kilmoyran ya faɗa tsakanin ƙarafa.

Malachy ya kawo shawara cikin natsuwa: sauran shidan su tumɓuke nasu su shimfiɗa na gaskiya, shi zai koya musu. Aka kaɗa ƙuri'a, takwas da ɗaya. Cathal ya ce to saura hanya biyu, ko Malachy ya cire nasa ya sa na kanti, ko surukin Cathal ya haɗa wata Kilmoyran daga kayan kwali na saye, mako shida ya gama.

"Ba wanda zai lura, Injiniya," in ji Cathal. "Mutane karen da ke dakali suke kallo."

"Ni zan lura."

"Kai ai ko hancinka aka karkatar da rabin milimita sai ka kai ƙara."

Malachy ya ce to, surukin ya je ya gina. Ya yi mako uku bai je zauren coci ba. Nuala ta lura ba ya shiga ɗakin ajiya kuma, yana zaune a kicin yana karanta jarida har da tallan taraktoci, abin da ya fi damunta ke nan, domin a kujerarta yake zama. Ita ce ta ce ya je ya ga aikin surukin, ko don ya samu abin kushewa.

Ya je. Surukin mutumin kirki ne, ya ba shi shayi, ya nuna masa da fara'a. Tashar ba laifi. A mararraba kuwa akwai wani ɗan gida na roba mai furanni a bango, irin na ƙauyen Ingila, ƙofarsa tana kallon dogo maimakon titi. A wurin ƙyaure biyu an sa sanda ɗaya mai ɗagawa. Surukin ya ce ƙyauren sun ƙare a kanti, amma ai duk rufe hanya ne. Malachy ya yaba fentin, ya shanye shayinsa, ya yi godiya. Wannan ne gidan da yaran gunduma za su riƙa gani ana ce musu na mai gadin Kilmoyran ne, shekara da shekaru.

Mace ɗaya ce a ƙungiyar, Orla Keane, likitar haƙori. Ta tare shi a bakin kantin burodi ta tuna masa cewa a wuraren da ƙananan layuka suka haɗu da manya, akan shimfiɗa ƙarfe na uku a tsakani, jirage iri biyu su bi hanya ɗaya. Malachy ya ce ya sani, amma ba a taɓa yin haka a Kilmoyran ba.

"Na sani," ta ce. "Haƙoran da ke bakinka ma ba a Kilmoyran aka haife su ba, ga shi kana cin nama."

Ya yi mako tara a kai. Bai cire ko katako ɗaya ba. Ya shimfiɗa ƙarfe na uku milimita huɗu da rabi daga na waje, ya bar na gefen dakali ya zama na tarayya don kada fasinjojin roba su yi tsalle kafin su hau. Idonsa ya riga ya yi rauni, sai da tabarau biyu da madubin ƙara girma, kuma ya ƙona yatsa da dalma fiye da yadda ya ƙona a shekara talatin. Cathal ya zo da motarsa ta ɗaukar nama aka kai tashar gidan tarihi. A hanya bai yi ba'a ko ɗaya ba, abin da Malachy ya ɗauka a matsayin cin fuska.

Ranar buɗewa jirgin ya taso daga tasha ta uku, ƙyaure biyu suka rufu, ya ratsa gaban gidan mai gadi, ya tsaya a Kilmoyran, ya wuce. Mutane suka tafa, sannan suka koma kallon karen.

Tun daga nan Malachy yana zuwa gidan tarihin Laraba da Asabar, ba wanda ya ɗauke shi aiki. Yakan tsaya kusa da tasha ta huɗu, duk wanda ya sunkuya sai ya gaya masa cewa komai a nan daidai ne, ban da ƙarfen tsakiya, wanda ƙarya ne, kuma shi ya shimfiɗa shi. Yawanci sukan ce ba su ma gan shi ba. Sai ya ciro madubin daga aljihu ya miƙa musu.