Tseren da kowa ya ƙi ci

Warin man zafi ne ya tayar mini da wannan zance. Jikana ya laɓta shi a ƙafafu, ya maƙala lamba a ƙirji, wai za shi tseren kan titi. Na tambaye shi wa ke korarsa, ya ce ba kowa. Ka ji abin da boko ke yi wa mutum, mai karatu. Ni da na tsaya aji huɗu, Allah Ya kiyaye ni.

Ko da yake ni ma na taɓa, sau ɗaya. Bayan an yanke gero ne, shanun Fulani sun shiga gonaki suna cin kara, sai hedimasta ya ce za a yi tsere daga bakin kasuwar Illo zuwa wata tsamiya a hanyar Bagudo. Kowane yaro da lambarsa, wanda ya ƙi kuma bulala.

Dattawa sunka zauna a rumfa sunka juya maganar. Mu nan bakin iyaka, in ka ga mutum na gudu, to ɗan kwastan ya hango shi, ko sa ya tsinke. Ga shi ba a daɗe ba da mota ta zo ta kwashi samari aikin soja. Kawuna, wanda ya taɓa zuwa Kaduna, don haka ba a yi masa musu, ya yanke hukunci: masu ƙafa ake nema. Hedimasta ya rantse ba haka ba ne. Rantsuwar ce ta ƙarasa tabbatar musu.

Da safe kakata ta dama mini fura, ta riƙe kunnena.

"Maigidana, kak ka zo na farko, kak ka zo na ƙarshe. Na farko soja, na ƙarshe mai ɗaukar musu kaya. Tsakiya, ka ji ko?"

Anka busa usur munka zabura, ba takalmi, tsakuwa na cizon tafin ƙafa. Furar nan ta yi ta kaɗawa a cikina, haƙarƙari ya soke, sai kuma ya sake ni. Ban ankara ba na ga babu kowa gabana. Wallahi daɗi na ji, har na manta da tsohuwa.

Sai na hango tsamiyar. An ja igiya a kan hanya, mutum biyu masu kaki na riƙe da ita. Igiya da kaki kuwa mun san su a shingen bakin iyaka tun muna goye. Nan take gwiwata ta tuna tana ciwo.

Na waiwaya in ba na baya hanya, ashe kowa da kakarsa. Wannan ya duƙa yana cire ƙayar da ba ta soke shi ba, wancan yana ta ɗaure mazagin wando, ɗan liman ya zauna a ƙasa ya riƙe ciki. Hedimasta na ihu, mu kuwa sai girmama juna muke: wuce mana, a'a kai dai wuce.

Can sai ga wani ɗan ƙetare, daga ɓangaren Benin, da ke zaune wurin kawunsa yana karatu tare da mu, mai jiki, Hausarsa duk cakuɗe da yaren Dendi. Yana haki ya ratsa tsakiyarmu ya faɗa wa igiya. Ubansa ya gaya masa sojan Najeriya ba shi da iko da shi.

Keke anka ba shi, sabo fil. Kowace ranar kasuwa sai ya bi ta ƙofar gidanmu yana kaɗa ƙararrawa. Kakata ta ce in bar kallo, sojoji jira suke ya ƙara girma.

Yanzu titin ya sha kwalta, babura sun cika shi, masu tumbi na gudu da kansu don likita ya ce. Mai keken nan kuwa ya tsufa, haƙori biyu sunka rage masa, kuma kullum munka haɗu a Illo sai ya tambaye ni ko motar sojan ta iso. Nakan ce ya dai yi haƙuri. Gwamnati ba ta gaggawa.