Tarihin da Aka Cire wa Sunaye

Wata Alhamis ce a ƙarshen shekarar 2014, muna cikin sharar filin makaranta, sai Malama Fadimatu ta shigo tare da wani tsoho dogo, yana rataye da molo a cikin tsohon buhun shinkafa. Ina aji biyar a lokacin, a wata firamare da ke Karewa a Jimeta. Aka tara mu a gindin darbejiya, masu tabarma suka shimfiɗa, sauranmu muka zauna a kan takalmanmu. Hedimasta ya karɓi lasifika ya ce zai gabatar da baƙo a taƙaice. Ya yi magana a kan tsafta, ya yi a kan latti, ya yi a kan waɗanda suka karya kan famfo, har rana ta cinye rabin inuwar. Da ya miƙa wa tsohon lasifikar sai batir ya mutu. Tsohon ya ajiye ta a ƙasa, ya gyara zama, ya taɓa tsarkiyar molonsa, nan take duk surutunmu ya ɗauke.

Sunansa Baba Tizhe, mutumin duwatsun wajen Michika. Yana cikin jama'ar da suka kwararo Yola a wancan lokaci, bayan 'yan ta'adda sun kama garuruwan arewacin jihar. Ko a gidanmu na unguwar Gwadabawa sai da aka fitar da keken ɗinkin Baffa, wato mahaifina, daga zaure, aka sauke dangin Innarmu da suka gudo daga Mubi. Ruwan da nake ɗebowa da safe ya ninka, tukunya ta ƙara girma, tuwon kowa kuma ya ragu. A makaranta bencin mutum uku ya koma na biyar. A nawa bencin aka matso da wata yarinya mai suna Kwanye, siririya, ba ta da kayan makaranta, ba ta kuma magana. Ko 'yar carafke muka kira ta lokacin tara, sai dai ta tsaya daga nesa tana kallo. Yara suna ce wa ita da sauran baƙin 'yan gudu, kuma babu wani malami da ya taɓa tsawatarwa.

Malama Fadimatu ce ta ji Baba Tizhe yana kiɗa a harabar wata majami'a da aka sauke su, ta tsaya ta saurara, ta gane ba kiɗan nishaɗi kawai yake yi ba, labarin garuruwa yake rerawa. A lokacin babu darasin tarihi a jadawalinmu. Mun haddace sunayen manyan kogunan duniya, amma ba mu san dalilin da ya sa garinmu yake bakin Binuwai ba. Ta roƙi Hedimasta ya ba tsohon safiyar Alhamis, ya amince bayan ta yi alkawarin ita za ta riƙa biyan kuɗin Keken da zai kawo shi.

Da Hausa yake ba da labarin, irin tamu ta Jimeta wadda mace da namiji duk “ka” ne, ya surka da Fulatanci, amshin kuma da harshensu. Ya rera mana yadda Modibbo, jagoran Fulanin yankin, ya taso daga Gurin, ya zauna a Ribadu, kafin ya kafa Yola. Ya rera ƙabilar Batawa da kwale-kwalensu. Ya kwaikwayi kukan jirgin ruwan Turawa da ke zuwa Jimeta idan kogi ya cika, ya ɗebi gyaɗa da fatu, muka yi ta dariya har Hedimasta ya leƙo ta taga. Ya gaya mana yadda Turawa suka ja iyaka ta tsakiyar gonaki, wa ya kwana a wata ƙasa, ƙane a wata. Ina komawa gida sai in maimaita wa ƙannena ina zuba gawayi a dutsen guga.

A wata Alhamis ya ɗauko labarin mutanen dutse: yadda suka jera duwatsu hawa-hawa a jikin tsauni suka yi gonaki, yadda maƙeransu suke narka tama su fitar da ƙarfe. Yana ambaton ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya, sai na ji murya a gefena tana karɓar amshi. Kwanye ce. Baba Tizhe ya dakata da kiɗa ya dube ta.

“Yarinya, kai ɗan gidan wa ne?”

Ta faɗi sunan kakanta. Ya ce ai ya san shi, maƙeri ne, fartanyar da ya ƙera ba ta lanƙwashewa. Ya sa ta koya mana amshin, duk makarantar ta karɓa, har da manyan 'yan aji shida da suka fi kowa tsokana. Ran nan da aka tashi, yara suka kewaye ta suna tambaya ko da gaske ne ana fitar da ƙarfe daga ƙasa. Ta yi ta bayani har bakin titi. Daga nan ban ƙara jin an ce mata 'yar gudu ba.

Sai manya suka shigo. Har yau in na tuna wannan ɓangaren raina yakan ɓaci. A cikin waƙar mutanen dutse akwai inda ya faɗi yadda mahaya dawaki suka riƙa kai hari suna kama bayi, shi ya sa mutane suka ƙara hawa sama. Wani uba daga cikin garin Yola ya zo ya ce ana zagin kakanninsu a gaban yara. Malama Fadimatu, wadda ita ma Bafulatana ce, ta tuna masa cewa tsohon nan ya ɓata safiya guda yana yabon Modibbo, amma bai saurare ta ba. Wata uwa ta zo ta ce an taƙaita labarin Batawa, alhali su aka tarar. Wani ya ce shi bai kawo ɗansa makaranta don a koya masa roƙo ba. Har Baffa, wanda bai taɓa zuwa duba sakamakona ba, ya rufe shago ya tafi ya tambayi dalilin da ya sa ba a ambaci fataken Kano da suka raya kasuwar Jimeta ba. Babu ɗaya daga cikinsu da ya taɓa zama a gindin darbejiyar nan ya ji waƙar da kunnensa. Duk a bakin 'ya'yansu suka tsinta, a gutsure.

Hedimasta ya kira taro, ya fito da maganin da yake ganin ya gamsar da kowa. Ya ce Baba Tizhe ya ci gaba da zuwa, amma kada ya sake ambaton sunan wata ƙabila, ko gari, ko sarauta, saboda halin da ake ciki. Malama ta tambaye shi to me ya rage. Ya ce darasin zaman lafiya ya rage.

Alhamis ta zagayo, tsohon ya zauna ya gyara molo, fuskarsa ba yabo ba fallasa, ya fara:

“Wasu mutane suka tashi daga wani wuri, suka zo wani wuri, suka tarar da wasu mutane. Sai wani abu ya faru.”

Haka ya yi ta yi. Da farko mun ɗauka wasa ne muka yi dariya, daga baya ƙananan suka fara gyangyaɗi, manyan suka koma jifan juna da 'ya'yan darbejiya. Hedimasta yana tsaye yana gyaɗa kai, ya ce yau kam an yi abin da ya dace. Kwanye ta ɗaga hannu ta tambaya wane wuri ne. Baba Tizhe ya nuna mata Hedimasta da haɓa, ya mayar da molonsa cikin buhu. Malama ta raka shi bakin ƙofa, na ga tana ba shi haƙuri, shi kuma yana girgiza kai. Bai sake zuwa ba. Aka mayar da safiyar Alhamis ta cirar ciyawa. Iyayen da suka yi ta zarya babu wanda ya dawo ya tambayi abin da ake koya mana a madadinsa.

Da sojoji suka ƙwato garuruwan, baƙinmu suka fara komawa a hankali. Keken Baffa ya koma zaure, bencinmu ya koma na mutum uku. Kwanye ta tafi tare da iyayenta, kuma sai bara na sake ganinta, a wani asibiti a Jimeta inda take koyon aikin jinya. Ita ce ta gaya mini Baba Tizhe ya koma gida, ya tarar an ƙone ɗakinsa, ya sake ginawa, ya yi noma ɗan lokaci kafin ya rasu. Na tambaye ta ko akwai wanda ya ɗauki muryarsa. Ta ce ba ta taɓa ji ba. Na tuna cewa kusan kowane malami a makarantarmu yana da waya a aljihu, sun ɗauki hoton Hedimasta yana jawabi, amma babu wanda ya ga tsohon ya kai a danna masa maɓalli.

Yanzu ni ma ina koyarwa a wata makaranta a Vinikilang, kusa da Jimeta, kuma an dawo da tarihi cikin jadawali. Littafin da aka ba mu ya gama da duk ƙasar Adamawa a ɗan sakin layi. Zangon da ya wuce na nemi izinin kawo wani mai garaya ya rera wa yara labarin kogi. Mai makarantar ta ce shawara ce mai kyau, sannan ta tambaye ni wace ƙabila ce shi. Da ranar ta zo sai na tarar an ɗauko mai kiɗa da manyan sifiku a madadin mai garayar, yara suka yi rawa cikin kayan gargajiya na haya, aka raba minti, aka tashi. Na koma aji na rera musu ɗan abin da ya maƙale a kaina, ina buga tebur, sunaye da yawa sun ɓace mini. Mafi yawan abin da na sani game da ƙasarmu tsoho ɗaya ne ya rera mini shi, shi ma ba a bar shi ya ƙarasa ba.