Kififiyar da Ba Ta Biya Ba

A Taloka, idan damina ta sauka, kakata Inna Tumba kan hura wuta a ƙofar ɗakinta, ta zuba ɗanyen ganye don hayaƙi ya kori sauro. Nan muke taruwa bayan tuwo. Ni ba mai magana ba ne, amma duk gatanar da ta yi sai na haddace ta. Na kuma san dokar gatana: wanda ya yi alheri, a ƙarshe yana samun sakamako.

Shekarar da Turawa suka ɗebi samari zuwa yaƙi a ƙetaren teku, har da autan Inna, Baffa Garba, yayana Sanda ya kamo wata kififiya a fadama. Ya birkice ta a bayanta, ya kifa mata kwando, ya ɗora dutse. Da safe shi da abokansa za su gasa ta. Muna zaune muna jin ƙafafunta suna karce kwandon.

Inna ta dubi wajen, ta ce, "Ga ta nan, ku matso."

Wai wata mata ce za ta ban-ruwan albasarta da bazara, sai ta iske kififiya a birkice cikin tafkin da ya ƙafe. Ta sa ta a ƙwarya, ta ɗauka a ka har gulbi. Kafin ta komo, rana ta ƙone albasar. Kififiya kuwa ta nutse abinta.

"Ƙurunƙus," in ji Inna.

Muka zauna muna jiran saura. Ni da ba na buɗe baki na ce, "Inna, to mi tas samu?"

"Wa?"

"Matar. Kififiyar ba ta kawo mata zinariya ba? Ba ta ma yi godiya ba?"

"Kai, mijin ga nawa da bin diddigi! Kififiya ta rayu. Mi kaka so kuma?"

Sanda ya kwashe da dariya. "Inna ta tsufa, ta mance ƙarshen."

Na kwanta ina juya labarin. Ko matar wawuya ce? Ko gargaɗi ake mana kada mu yi irin nata? Ban gane ba. Amma karcen kwandon nan ya hana ni sakat. Da gari ya waye, kafin Sanda ya tashi, na sa kififiyar a ƙwaryar Inna na nufi gulbi. Na tsaya a bakin ruwa ina jira ko za ta waiwayo. Ba ta waiwayo ba. Abin da na samu shi ne ranƙwashi biyu daga Sanda.

Inna ba ta yaba mini ba. Ta karɓi ƙwaryarta tana wankewa, ta ce a hankali, kamar ba da ni take ba, "Wa ya sani, ko can inda sunka kai Garba, wani shi iske shi birkice."

Baffa Garba bai dawo ba, ba mu kuma ji labarinsa ba.

Na yi karatu a Sakkwato, na karanta littattafai, duk labaransu da ƙarshe a ɗaure. Har yau ban sani ba ko Inna darasi ta koya mana a ranar, ko roƙo take yi. Amma in na ga kififiya a birkice a hanyar Rabah, sai na sauka daga keke na juya ta. Na daina jira ta waiwayo.