Shigifar da aka rushe don mota

Ko na manta abin da na ci jiya, ba zan manta ranar da muka tafi Gangara cikin mota ɗauko surukata muka komo hannu rabbana ba. Mu shida ne a kan maganar. Akwai ni, akwai ɗana na fari wanda bakina ba ya kama sunansa, da ƙanen marigayi ubansa. A nasu ɓangaren akwai uban yarinyar, da wani tsohon Bafillace amininsa. Ta shidan ita ce yarinyar kanta, tana bayan danga da jariri a cinya, ba a ganinta amma tana jin komai.

Shekarun babban farin nan ne, da hatsi ya tsaya iya gwiwa ya ƙone a tsaye. Fulani suka yi ta koro shanu daga arewa, ƙashi da fata, har ta kai mutum ya ba da saniya a kan ƴan tiyoyin hatsi yana godiya. Yau ina jin mutane na tambayar inda yara ke samo kuɗin manyan motoci alhali ba su da ko ɗakin kwana. Ni ban yi lakol ba, ban san boko ba, amma na gani da idona yadda ake yi. Samari masu zafin nama suka riƙa sayen shanun nan da arha, su bi daji da su zuwa wajen Katsina, su komo da masara da garin rogo su sayar da tsada. Ɗana yana cikinsu. Bai yi sata ba, wannan na shaida. Da abin hannunsa bai isa sayen mota ba, sai ya haɗa da kwanon rufin da ya daɗe yana tarawa, da filin da ya kama a Gazawa, duk ya sayar. Ran nan sai ga shi da mota fara doguwa, kujerunta kamar ka zauna a kan auduga, yaran gari na bin ta da gudu.

Kwana kaɗan sai matsala ta taso, inda motar za ta kwana. Rana na dukanta, awaki na hawa kanta, yara na zane a jikinta da tsinke. Lokacin matarsa tana gidan iyayenta goyon ciki, kamar yadda ake yi a haihuwar fari, shigifarsu ba kowa. Shigifar nan ubansa ya gina ta da hannunsa kafin ya rasu, kuma ita ce a bakin hanya. Wata safiya na ji ana dukan bango. Na fito na tarar ya ɗauko mutum biyu da diga.

Na ce, "Kai, mi ake yi nan?"

Ya ce, "Inna, ƙofa za a buɗe wa mota. Wannan tsohon ɗakin ƙasa ai zamaninsa ya wuce. Na siminti zan yi wa matata, mai taga."

Na ce, "Ba a rushe ɗaki a shekarar da rijiya ke ba da laka."

Ya yi dariya ya ce in bar masa. Ni kuma ba na maimaita magana, balle ga ɗan fari. Abin da bai lissafa ba, duk wata mata da ke jan guga ta san shi. Tubali ruwa yake sha. A shekarar nan tun asuba muke layi a rijiya, mu komo da tulu ɗaya mai ja, shi ne na sha, shi ne na tuwo, shi ne na alwala. Kududdufin da ake ɗibar ƙasa ya tsage kamar tafin ƙafar tsohuwa. Ko karan da za a yi bukka dabbobi sun cinye. Rushewa aikin wuni ɗaya ne, ginawa kuwa babu hali. Da suka zubar da rufin ya ce a faskara azarorin a yi wuta. Da ya fita na jawo su ɗaya bayan ɗaya, da ƙyauren, na jera a bayan rumbuna na lulluɓe da tsohuwar tabarma. Kwanonin jeren yarinyar da gadonta kuwa a ɗakina aka jibge su.

Ta haihu lafiya, namiji. A al'adarmu idan an yi arba'in dangin mace ne ke maido ta da kansu. Arba'in ta wuce, shiru. Wata ya ƙara wucewa, shiru. Ɗana ya ce ƙila kuɗin mota ne ya gagare su, shi zai tafi ya ɗauko ta, Gangara duk ta gani. Ba a saba uwar miji ta bi irin wannan tafiya ba, amma na yafa zanena na shige baya na zauna. Na san abin da za mu tarar, ina so ya kasance ina wurin.

Muna isa ya danna oda har sau uku. Gari ya fito. Uban yarinyar bai tashi daga tabarmarsa ba sai da muka yi sallama. Manomi ne mai sanyin magana, irin mutanen da kakanninsu suka ƙetaro daga kudu, ba ya ɗaga murya. Aka gaisa, aka yi jajen fari, aka kawo ruwa rabin ƙwarya. Tsohon Bafillacen nan ya tashi da sandarsa ya zagaya motar, ya leƙa ta gaba, ya shafa bayanta kamar mai taya saniya a kasuwa.

Ya ce, "Yaro, ka gane ni? Jar saniyata mai karyayyen ƙaho, kai ka saye ta a Gazawa. Ashe nan ta shige. To wagga, safe ake tatsarta ko marece?"

Mutane suka fashe da dariya. Ɗana ma ya yi yaƙe ya ce, "Baffa, wannan ba ta cin ciyawa."

Tsohon ya ce, "Allah ya rufa mata asiri, don babu."

Sai ƙanen mijina ya gyara murya ya faɗi abin da ya kawo mu. Uban yarinyar ya dubi ɗana.

Ya ce, "Ɗana, mun ga mota, Allah ya tsare hanya. In ka ɗauke ta, ina za ka sauke ta?"

Ɗana ya ce, "Baba, za ta ɗan zauna ɗakin Inna kafin in fara gini."

Uban ya ce, "Ɗakin Inna na Inna ne. Ni ɗaki na kai ɗiyata, da idona na ga an kafa gadonta. An ce mani yanzu ƙarfe ke kwana a wurin." Ya juyo wajena ya ce, "Ko ƙarya aka yi mani, Inna?"

Nan ne ɗana ya dube ni, irin kallon da yake yi mani tun yana ƙarami idan ya fasa ƙwarya. So yake in rufa masa. Wurin ya yi tsit, har na ji jaririn ya yi ɗan tari a bayan danga. Jikana ne, ban taɓa ɗaukarsa ba sai ranar suna, hannuna na ƙaiƙayi. Da na ce ana nan ana gini, da a ranar zan goya shi zuwa gida.

Na ce, "Ba a yi maka ƙarya ba. Babu ɗaki."

Ƙanen mijina ya sunkuyar da kai. Bafillacen ya ce, ba da dariya ba wannan karon, "Ko mu da ba mu da gari, inda muka sauka sai mace ta kafa bukkarta kafin a ɗaure maraƙi."

Uban yarinyar ya ce, "To ga tawa. Ba na raba aure da son raina. Amma in ruwan farko ya sauka ɗiyata ba ta da ƙofar da za ta rufe, ka aiko mata da takardarta, ɗanka kuma in an yaye shi a kawo maka." Kowa ya san abin da ya sa ya ce ruwan farko. Da damina ta kama ba a ginin ƙasa, sai wata shekara.

Muka kamo hanyar komowa har muka hango gari. Ɗana ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Inna, kin kunyata ni a gaban mutane." Na ce, "Digar da ka ɗauko ta kunyata ka, ni shaida na bayar." Ya ce mata ba su ƙare ba, mai mota ba ya rasa mata. Na bar shi da maganarsa, don na ga yadda idonsa ya tsaya a kan dangar nan lokacin da jaririn ya yi tari.

Yaron da ya yi tarin nan yau shi ke kai ni asibiti a kan babur, kuma a gidan nan ya yi rarrafe. Amma a ranar babu wanda ya san haka za ta kasance, ni dai na san abin da zan yi.

Washegari da na sallame sallar asuba na yaye tabarmar bayan rumbu. Na jawo azarorin na jera su a gefen motar, na jingina ƙyauren a kansu. Na fito da tulunana duka, na aro tano biyu, manyan gangunan ruwa, a maƙwabta na mirgino su, na ɗora babban tulun a kan hancin motar. Ɗana ya fito yana mitsike ido, ya ga tulu, ya yi tsalle.

"Inna, za ki kankare fenti!"

Na ce, "Gulbi za mu. A ƙasan gulbi in an gina rami ana samun ruwa, jaki ne ba ya iya nisan. Ita tana iyawa. Ita ta ci ɗakin, ita za ta ɗauko ruwan tubalinsa."

Azarorin yake kallo, ya gane na ubansa ne, waɗanda ya ce a faskara. Sannan ya sa hannu a aljihu ya ciro makulli, ya buɗe ƙofar baya, ya ɗauki tulun da kansa ya aza a kan kujerar nan mai laushi. Na shiga gaba na zauna. Tun daga ranar nake gaya wa duk yaron da ya zo nuna mani sabuwar mota: madalla, amma fara nuna mani ƙofar da iyalinka ke rufewa, don mota kai mutum gida take yi, ba ta zama gidan.