Sunan da Inna ta ƙi faɗa a aji

Jiya na tarar da 'yata Hauwa tana aikin gida na Turanci, an ce ta yi jimla ta ja layi ƙarƙashin sunan mai aikatawa. Sai na ji ta rangaɗa sunan mahaifinta gatsau, wai ya sayi rago.

Mahaifiyata Inna ta ajiye carbinta. Ta ce lokacin da take elemantare a Azare, kafin samun 'yancin kai, malaminsu ya rubuta jimla a allo, ya ce ta faɗi wanda ya yi aikin. Sunan babanta ne.

Ta ce, "Malam, mai sunan Baba ne."

Ya ce, "Sunan nake so!"

Ta san amsar sarai, amma ta gwammace ta sha bulala.

Hauwa ta turo baki. "Mama, misali ne fa kawai."

Na ce, "Uban naki ne misali? Goge, ki sa Tanko."

Ta goge. Layin dai ya zauna inda ya kamata.

Iyaye mata, a gidajenku har yanzu ana jin nauyin sunan uba kuwa?